Ciniki Daban, Riba Daban: Martani Ga Mai Son A Cire Zanen Alƙaluma Daga Jarrabawa

Wani ɗan'uwa, wanda daga alƙalaminsa ka san ya daɗe da alli a hannu, ya yi rubutu kwanan baya yana kira da a cire tambayoyin zanen alƙaluma daga jarrabawa. Yana nufin irin tambayar nan da za a zana wa ɗalibi sanduna, ko layi mai hawa da sauka, ko faifai da aka yayyanka, a ce ga cinikin wani kamfani na shekara biyar, ga abin da ya kashe, to a fitar da riba, a faɗi kasonta. Hujjojin Malam uku ne. Ta farko, yaron Diffa a kasuwa ya buɗe ido, ba ya bukatar a koya masa riba a takarda. Ta biyu, tambayoyin tarko ne da aka ɗana don a kayar da yara. Ta uku, kamfanonin da ake kawowa a ciki baƙi ne ga yaron bakin Komadugu, kuma jihar da tashin hankali ya rufe mata makarantu ba ta da lokacin ɓatawa a kan ado.

Rabin hujja ta uku gaskiya ce, zan kuma zo kanta. Amma biyun farko ba su tsaya ba, kuma gonar tattasai ce za ta rushe su, ita da Malam ya kafa shaida da ita.

Babu mai musun cewa yaranmu suna da lissafin kasuwa. Yaron da ke jiran rumfar babansa a Diffa yana ƙirga kuɗi da harshe uku a lokaci guda. A ce masa dala ashirin, ya san sefa 100 ake nufi. A ce jikka, ya san 1,000 ce. Mai saye ya miƙo naira, ya juya ta a ka tun kafin ɗan canji ya buɗe baki. Wannan baiwa ce ta gaske. Sai dai lissafi ne na saye da sayarwar wuni ɗaya: na sayo da safe, na sayar da yamma, ga abin da ya hau. Noman tattasai kuwa ba haka yake tafiya ba. Kuɗinsa fita suke yi kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, tun daga renon iri da damina: yau man injin ban ruwa, gobe taki, jibi maganin ƙwari, ga ladan masu dashe da masu tsinka, ga buhuna, ga kuɗin ɗauko kaya zuwa kasuwa. Shigowarsu kuma a dunƙule ce, ranar da aka ɗinke bakin buhu, dillali ya cusa hannu ya damƙo busasshen tattasai, ya dubi jansa, ya yanka farashi. Ɗan Adam yana riƙe ranar da aka danƙa masa damin kuɗi, ya manta da ranakun da jarka ta yi ta zuwa tana dawowa. Daga nan ake kiran ciniki riba, kuma ba jahilai kaɗai ke yin haka ba.

Bari mu ƙaddara wata ƙungiyar manoma a wajen Geskeru, mu ba ta alƙaluman misali irin na jarrabawa. A shekarar farko ta yi cinikin sefa 4,000,000, ta kashe 3,000,000. A ta biyu ta yi cinikin 6,000,000, ta kashe 5,400,000. Idan aka zana sandunan ciniki kaɗai, kowa a taron zai tafa, don sanda ta biyu ta ɗara ta farko da rabi. Yaron da aka koya wa karanta zane ba zai tafa ba sai ya nemi sandar kashewa. Zai ga ciniki ya ƙaru da kashi 50 cikin 100, kashewa kuwa da kashi 80, riba ta sauko daga 1,000,000 zuwa 600,000. In ya so ya faɗa wa kakansa da harshen da zai gane, sai ya ce: bara a kowace jikka ta ciniki dala hamsin ke zama tamu, bana dala ashirin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da tambayar jarrabawa ke nema ke nan, ba wani abu ba, kuma rumfar kasuwa ba ta koyar da shi, domin rumfa ba ta jera shekaru kafaɗa da kafaɗa.

Mu zo ga batun tarko. Na yarda akwai tarko a cikin tambayoyin, sai dai ina so Malam ya duba ko mai tsara jarrabawa ne ya ƙago shi, ko kuwa kwaikwayon na kasuwa ya yi.

Tarko na farko shi ne: kashi na me? Mutum ya sayi buhu 20,000, ya sayar 25,000, ya ci ribar 5,000. In aka auna ta da uwar kuɗi, kashi 25 ce. In aka auna ta da ciniki, kashi 20 ce. Duka biyun daidai ne, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Mai jarrabawa yakan juya tambayar, ya ba da ciniki 25,000 da riba kashi 25 a kan abin da aka kashe, ya ce a nemo abin da aka kashe. Yaro mai gaggawa zai zare kashi 25 daga 25,000, ya rubuta 18,750, ya faɗi. Wanda ya tsaya ya tambayi kansa a kan me aka ɗora kason zai gane cewa ciniki uwar kuɗi ce da rubu'inta, ya raba da 1.25, ya samu 20,000. Malam ya kira wannan wayo. To, ranar da ɗan kasuwa ya ba manomi mai da taki bashi zuwa kaka, ko mai jari ya ce a raba riba, ko ɗan kamasho ya ce kashi goma nake ɗauka, wannan tambayar ce ke raba gardama: goma na me? Na kuɗin da aka sayar, ko na abin da ya rage bayan an fitar da wahala? Wanda bai iya yin tambayar a aji ba, inda kuskure ba ya cin komai sai maki, zai koye ta a kasuwa da buhunansa.

Tarko na biyu shi ne rikita kaso da adadi. Ana zana layi da ke nuna abin da aka kashe a kan abin da aka samu, shekara bayan shekara: 0.6, sai 0.8, sai 1.1. Ɗalibi nagari ya san in lambar ta wuce 1 an faɗi, domin kashewa ta fi ciniki. Sai a tambaye shi a wace shekara aka fi samun kuɗin riba. Da yawa za su nuna shekarar 0.6. Amsar gaskiya ita ce zanen bai isa a sani ba. In cinikin shekarar 0.6 miliyan ɗaya ne, ribarta 400,000 ce; in na shekarar 0.8 miliyan biyar ne, ribarta miliyan guda ce cur. Haka faifan kashe-kashe yake. A misalinmu na ƙungiya, mu ce mai ya ci kashi 30 na kashewar shekarar farko, ya ci kashi 25 na ta biyu. Yankinsa a faifai ya ƙanƙance, har wani ya ce an samu sauƙin mai. Amma kashi 30 na 3,000,000 shi ne 900,000, kashi 25 na 5,400,000 kuwa 1,350,000. Kuɗin mai ya ƙaru da rabi, sauran kayan ne suka fi shi tashi. Ni a ganina, darasin da ke koya wa yaro ya ce "wannan takardar ba ta isa in yanke hukunci ba" yana cikin mafi tsadar abin da makaranta za ta ba shi.

Tarko na uku shi ne ma'auni da mafarin layi. A zana sanda biyu, ɗaya buhu 100, ɗaya buhu 110, amma a fara layin tsaye daga 90 maimakon sifiri: ta biyu za ta fito ninki biyun ta farko, alhali bambancin kashi 10 ne. Tun da rikici ya ɓarke, Diffa ta cika da ƙungiyoyin agaji da na raya karkara, kuma da wuya a yi taron bita a watse ba a haska zane a bango ba. Shugaban ƙungiyar manoma da ma'ajinta suna zaune suna kallo. Ban ce ana yaudararsu ba. Na ce wanda ba ya iya duba gindin sanda ya ga daga nawa ta tashi, ba shi da hanyar sanin ko an yaudare shi ko ba a yaudare shi ba, sai dai ya gyaɗa kai.

Batun ma'auni ya fi ko'ina nauyi a nan, saboda Diffa gari ne mai kuɗi biyu. Tattasan kwarin Komadugu akasarinsa Najeriya yake nufa, kuma da naira ake yawan cinikinsa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro guda, tun 1999. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2016, aka ƙara sakinta a watan Yunin 2023, har ta haura 1,500 kan dalar Amurka a farkon 2024. Mu sake ƙaddarawa: buhu ya tashi daga naira 36,000 zuwa 60,000, amma a tsakanin nan canjin jikka ya tashi daga naira 1,200 zuwa 2,400. A zanen naira, farashi ya hau da kashi biyu cikin uku. A zanen sefa, ya sauka daga 30,000 zuwa 25,000. Manomin da zai biya kuɗin magani ko na makarantar ɗansa da sefa, wane zane ne gaskiyarsa? A nan ne amfanin kaso yake fitowa fili, wanda Malam ya ɗauka ado ne. Kaso ba shi da ƙasa. In riba kashi 25 ce ta ciniki, kashi 25 ce ko da naira aka ƙirga ko da sefa, muddin an auna ciniki da kashewa da kuɗi iri ɗaya. Ga mutumin da kuɗin hannunsa ke narkewa, babu abin da zai gwada bara da bana da shi wanda ya fi wannan.

Malam ya kafa hujja da halin da jihar ta shiga, ni ma da shi zan kafa. A watan Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babura, aka hana fataucin tattasai da kifi zuwa Najeriya bisa zargin cewa ƴan bindiga na cin moriyarsa, aka taƙaita taki da mai. Ƙauyuka da dama na bakin kogi suka tashi, mutane suka dawo gefen kwalta suka kafa bukkoki. Sai a 2017 aka ɗage haramcin tattasai. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020, a 2019 ɗin kuma Komadugu ta yi ambaliya ta cinye gonaki. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, man ruwa-ruwan da injunan ban ruwa ke sha ya bi ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin shekarar a Yamai, takunkumi ya sake rufe iyaka har cikin 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa sanda ɗaya ya bar ɗaya. Haramci da rufe iyaka sun danne ciniki. Tsadar mai da ƙarancin taki sun ɗaga kashewa. Ambaliya ta share ciniki bayan an riga an kashe. Faɗuwar naira ta kumbura alƙaluman duka biyun, ta ɓoye abin da ke faruwa a tsakaninsu. Mutumin da bai rarrabe sandunan ba, abin da zai iya cewa kawai shi ne shekara ba ta yi kyau ba. Wanda ya rarrabe zai san ta ina ɓarnar ta shigo, ya kuma san shawarar da ta dace: ya rage fili, ya koma shinkafa ko albasa, ya riƙe kaya har farashi ya ɗaga, ko ya ci bashi ya sayi injin hasken rana, wanda kuɗinsa ke fita gaba ɗaya a shekarar farko amma ya sauke nauyin mai a shekarun da ke biye. Wannan shawara ta ƙarshe ba a yanke ta sai an jera shekaru an duba, wato sai an yi zane, ko a takarda ko a ka.

Kuma takardar ba jira take yaranmu su amince da ita ba, ta riga ta iso. Majalisar manoma ta jihar Diffa da uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, RECA, suna fitar da takardun da ke lissafa abin da kadada ke ci da abin da take bayarwa. Bankin manoma, BAGRI, ko wata ma'ajiyar ƙananan basussuka, ba za su ba ƙungiya rance don ta rantse cewa tana cin riba ba, sai ta kawo lissafi. Akasarin kamfanonin da ke da rajista a ƙasar nan da tsarin lissafi na SYSCOHADA suke rufe littattafansu. Man Agadem a ƙasar jihar Diffa ake haƙo shi, ana tura shi matatar Damagaram tun 2011, yanzu kuma ta bututu har gaɓar tekun Benin. Duk muhawarar da za a yi kan rabon jiha da na ƙananan hukumomi muhawara ce ta kaso, kuma tambayar farko a cikinta ita ce waccan dai: kashi na me? In aka cire darasin daga jarrabawar ɗan Diffa, ba za a cire shi daga teburin da ake raba arzikin jiharsa ba. Wasu ne za su zauna a kujerar, shi kuma a karanta masa.

Game da baƙunta kuwa, ya kamata a raba riga da mai riga. Zanen sanduna ɗan kasuwanci ne tun haihuwarsa: William Playfair, mutumin Skotlan, ya buga shi a 1786 don ya nuna kayan da ƙasarsa ke shigowa da su da waɗanda take fitarwa, ya kuma kawo zanen faifai a 1801. Lissafin da ke ƙarƙashinsa ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Alkawarizmi ya keɓe babi guda na ma'amalolin ciniki a littafinsa na aljabara tun ƙarni na 9 a Bagadaza. Malaman fiƙihu da ke karantar da Risala da Muhtasar daga Borno har Katsina sun san cinikin murabaha, inda mai kaya ke bayyana nawa ya saya da nawa ya ɗora, wato riba a kan uwar kuɗi. Zakkar hatsi ma ta bambanta gonar da ruwan sama ya shayar da wadda aka shayar da wahala: ta farko ɗaya cikin goma, ta biyu ɗaya cikin ashirin. Mai shinkafa da alkama a bakin Komadugu ya san wannan hukunci, kuma ma'anarsa ita ce shari'a da kanta ta dubi abin da aka kashe kafin ta yanka kaso. Yaron da ya tashi a gidan da ake raba gado da sulusi da sumuni bai kamata a ce masa kaso kayan Turawa ne ba.

Inda Malam ya yi gaskiya shi ne rigar da ake sa wa tambayoyin. Yaron Shetimari ko Maine-Sorowa da bai taɓa ganin masana'antar firji ba, aka ce ya lissafa ribarta da Faransancin da bai gama zama a bakinsa ba, wahala biyu aka ɗora masa, kuma in ya faɗi ba a san wacce ta kayar da shi ba. Gaskiya ne kuma cewa ana yawan barin babin ƙididdiga zuwa ƙarshen shekara, a bi ta kansa a guje ana dab da jarrabawar BEPC, yara su haddace dabara ba tare da sun taɓa zana sanda ɗaya da hannunsu ba. Wannan laifin koyarwa ne da na tsara tambaya. Maganinsa a gyara su.

Gyaran ba ya bukatar kwamfuta ko kuɗin agaji. Malamin lissafi a kwaleji zai iya sa kowane yaro ya riƙe littafin wata ƙaramar sana'a ta gidansu na wata ɗaya, ko ƙosai ne, ko bandar kifi, ko kayan lambu: shafi ɗaya abin da ya shigo, shafi ɗaya abin da ya fita. Ƙarshen wata kowa ya zana sanduna biyu a takarda mai gida-gida, ya fitar da riba sau biyu, a kan uwar kuɗi da kuma a kan ciniki, sannan a musanya takardu, kowa ya nemi inda zanen abokinsa zai iya ruɗar mai kallo. A bayyana darasin da Hausa ko Barbarci kafin a maida shi Faransanci; tunda Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, babu malamin da zai ji kunyar yin haka. Masu tsara jarrabawa a Yamai su ɗauko misalansu daga tattasan Diffa, albasar Galmi, da ƙosan tasha, su kuma rubuta a fili a kan me aka ɗora kowane kaso, domin tambayar da ta ɓoye wannan ita ce ta cancanci sunan da Malam ya ba su duka. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 kuma noma da muhalli ne ginshiƙinta, tana da ɗaliban da za su iya tattaro farashin kasuwa na mako-mako su miƙa wa makarantu, yara su yi aiki da alƙaluman garinsu.

Saboda haka ina roƙon Malam, da girmamawa, ya sauya buƙatarsa. Maimakon ya nemi a cire tambayar, ya nemi a kawo ta da wuri, da harshen da yaro ke ji, da kayan da babansa ke sayarwa. In ya rubuta wannan takardar zuwa ga hukumar ilimi ta jiha, ni ne na farko da zan sa hannu a ƙarƙashin nasa.